Jan Fenti a Jikin Buhun Wake

Zuwa ga 'yata Nusaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a kujerar jirgi kika buɗe ta ko a ɗakinki na can Malesiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na masauki.

Kin tafi Wuse karɓo ɗinkinki, Abbanku ya fita ɗaurin aure, ni kaɗai ce a gidan kuma na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗora ruwan shayi na manta da shi har ya ƙafe. Na buɗe akwatinki na sake ninke kayan da na riga na ninke. Magana ce ta tsaya mini a wuya tun ranar da kika kawo mini tsarin binciken da za ki yi a digirinki na biyu, kika buɗe shafin farko kina murmushi kika ce, "Mama, duba wadda na fara kafa hujja da ita." Na ga sunana. Na ga takardar nan tawa ta wake, wadda kowa a ofishinmu ya san ni da ita. Na ce miki madalla, na ce bari in duba miya. Babu miya a wuta ranar, Nusaiba. Gudu na yi.

Takardar nan akwai kuskure a cikinta, kuma kuskuren ya cuci mutane. Ba na so ki ɗora karatunki a kanta ba ki sani ba. Bari in faro miki daga farko.

Kina 'yar firamare lokacin. Soja sun koma bariki, kuɗi ya shigo gari, duk inda mutum ya juya a Abuja gini ne ke tashi, wayar hannu ta fara shiga aljihun kowa. Aka ɗauke ni aiki a sashen bincike na hukumarmu. Aikinmu bin sawun abinci ne: buhun da ya iso kasuwa daga wace gona ya fito, hannun wa da wa ya bi, a ina ya kwana. Amfanin haka shi ne, in abinci ya cutar da mutum a san inda za a koma a gyara. A lokacin aka yi ta kai mutane asibiti bayan sun ci wake, gwaji ya nuna maganin ƙwari ne ya yi yawa a jikinsa. Oganmu, Dakta Sunusi, ya kira ni ofishinsa ya ce, "Hajiya ƙarama, wannan naki ne. Ki bi mini waken nan har gidansu."

Ke kin taso kin ga mama mai riƙe makirufo a gaban taro. Ba haka aka haife ni ba. Yarinya ce ni mai kunyar tsiya, in baƙo ya yi sallama sai in shige bayan labule. Da littattafan soyayya na girma, na haya, ina ɓoye su a ƙarƙashin filo. Ina karantawa ina ganin kaina a jikin jarumar, wadda ba sai ta buɗe baki ba, ɗago ido kawai take yi a gane abin da ke ranta. Na yi aure, na haife ki, na yi digiri, amma yarinyar nan ba ta bar jikina ba. To ita aka tura kasuwa.

Aka ba ni mota da direba muka nufi sitocin hatsi da ke wajen Tungan Maje, inda manyan motoci ke sauke kaya kafin a rarraba zuwa Wuse da sauran kasuwanni. Na leƙa ta gilashi, maza ne ko ta ina. 'Yan dako ba riga, dillalai suna ta ihu, wani na ɗinke bakin buhu da basilla. Wani ya hango ni ya ɗaga murya, "Hajiya, mudu ko buhu? Sauko mana, ai ba ma cizo!" Aka kwashe da dariya. Na ja mayafina na ce wa direba ya ɗaga gilas.

Ina zaune a cikin motar na lura kowane buhu yana da alama da fenti a jikinsa, irin wadda masu kaya ke sawa don kada nasu ya cakuɗa da na wani a mota. Wallahi sai na ji sanyi a raina. Ga hanyar yin aikin ba tare da na yi wa kowa magana ba. Sai in ba direba kuɗi ya sayo mini wake kaɗan daga wannan buhu, kaɗan daga wancan, ni kuma in zana alamar daga inda nake zaune. Haka muka yi ta yi har damina ta sauka. Da sakamakon gwaji ya fito, mafi yawan waken da magani ya yi wa yawa daga buhu mai alama iri ɗaya ya fito: jan zobe da sanda a tsakiya. Na ce wa direba ya tambayo mini alamar su wane ne. Ya dawo ya ce ta wani ƙauye ce a bayan Karshi. Tambayar da na yi ke nan a duk tsawon binciken, ita ma da bakin wani.

Nusaiba, ki sauka daga mota. Na ga yadda kike tsayawa a ƙofar shagon tela kina rubuta masa saƙo a waya, shi yana zaune yana kallonki. Na yi dariya ranar, daga baya na ji tsoro, don na san inda kika gado abin. Kunyarki ina son ta, kada ki zubar da ita. Amma in kin je wurin aiki ki gyara hijabinki, ki yi sallama, ki gaisa da babbansu, ki yi tambayar da kike ganin ta wauta ce. Za su tsokane ki, ki bar su, tsokana ba ta zubar da jini. Ni da na ce, "Malam, a ina aka cika buhun nan?" da ba na zaune ina rubuta miki wannan.

Na tashi na zagaya falo na dawo. Bari in ci gaba kafin in fasa.

Da na rubuta takardar, "wani ƙauye" na sa. Dakta Sunusi ya karanta ya cire tabarau ya ce, "Wani ƙauye? Haba Hajiya. Mu da muke bin sawu, in ba mu faɗi inda sawun ya tsaya ba me muka yi ke nan? Sa suna." Na sa. Ba zan ɗora masa laifin ba, domin a raina na ji daɗi. Duk littafin da na taɓa karantawa yana da mugu a ciki, kuma a shafin ƙarshe asirinsa yake tonuwa. Ga shi nima na samu nawa mugun, labarina ya rufe tsaf. Ban taka ƙauyen ba. Na ce hanya ta lalace, ruwa ya yi yawa, ke kuma kina fama da zazzaɓi. Duk gaskiya ne, amma ba su ne suka hana ni ba. Ko a nan ba zan rubuta sunan ƙauyen ba, na rubuta shi sau ɗaya ya isa.

In bincikenki ya fito sumul, ba ƙura ba kwana, har kika ji yana da daɗin ba da labari, to ki tsaya ki koma baya. Kuma kada ki taɓa sa sunan gari ko na mutum a takarda alhali ba ki zauna a tabarmarsa ba.

Wata mujallar ilimi ta ƙasar waje ta buga takardar, sunana a gaba, na oga a baya. Wata jarida ta ɗauko labarin, rediyo ta maimaita. Daga nan na shiga wata irin soyayya da ban taɓa karanta irinta ba. Kin fara sanin yadda duniyar nan take: ana auna mai bincike da yawan mutanen da suka ambaci takardarsa a cikin tasu. Akwai shafi a intanet da ke ƙirgawa, in wani ya ambace ki sai lambar ta ƙaru. Da ita ake duba wa za a ƙara wa girma, wa za a gayyata taro, wa za a ba kuɗin bincike. Ni kuwa kafin in sha ruwa a ofis sai na buɗe shafin. Gabana na faɗuwa kamar budurwar da ta ji sallama a zaure. Wani a Indiya ya kira sunana, wata a Kenya ta kira. Ni da ba na iya ɗaga ido a kasuwa, ga baƙi a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna faɗin sunana. Abbanku har ya gaji. Wata rana ya leƙo ta bayana ya ce, "Wai wane ne saurayin nan na cikin kwamfuta? A faɗa mini in san da wa nake takara." Na ce, "Ba ɗaya ba ne, Alhaji, suna da yawa." Ya ce, "To ki ce musu su turo kuɗin cefane."

Ana cikin haka wata babbar salla gas ya ƙare mana, na aika a kawo gawayi don suyar nama. Mai gawayi ya jingina buhun a bayan kicin ya tafi. Na fito da wuƙa zan farke bakin, sai ga jan zobe da sanda a tsakiya yana kallona. Na durƙusa. Bakin buhun duk hujin basilla ne, layi a kan layi, an ɗinka an farke an sake ɗinkawa. Nama yana jira, baƙi suna sallama, ni ina tsugune gaban buhun gawayi.

Bayan salla na hau tasi ni kaɗai na koma sitocin, a karon farko na sa ƙafata a ƙasa. A bayansu akwai rumfa da ba a hango ta daga titi, ta masu sayar da tsofaffin buhuna, an ɗaure su dami-dami. Mai rumfar ya taso da fara'a. "Hajiya, guda nawa za a ba ki? In mai kauri kike so ga masu jan zobe, amma sai kin yi sauri, masu sito ba sa bari su kwana." Na tsaya ina kallo aka zo aka kwashi dami biyu aka shiga da su wani sito, inda ake tara wake daga garuruwa daban-daban a ajiye shi watanni ana barbaɗa masa magani sai ya yi tsada. Mutanen ƙauyen buhu mai kyau suke saye, shi ne duk laifinsu da na gani da idona. Ban ce miki wakensu tas yake ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ranar da na rubuta sunansu ma ban sani ba. Sawun buhu na bi, ba sawun wake ba.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi sauran, don wannan ina sane na yi shi. Na je na gaya wa oga. Ya ce, "To ai kin samu takarda ta biyu. Rubuta." Na rubuta 'yar takarda a kan yadda ake sake amfani da buhu, na kai ta mujallar cikin gida ta hukumarmu, wadda ake tarawa a kan kabad har ɓera ya fara karantawa. Ko a cikinta ban fito na ce ta farko ba daidai ba ce. Na yi ta kewaye-kewaye da manyan kalmomi. Wannan ita ce takardata mai gaskiya, kuma in kika duba shafin ƙirgar za ki ga kusan ba wanda ya taɓa ambatonta. Ta farkon kuwa har gobe hawa take yi.

Shekaru bayan haka wani aiki ya kai ni Karshi, na ce wa raina yau sai na ƙarasa ƙauyen. Na tarar da wata dattijuwa Bagwariya, ana ce mata Mama Ladi, tana sheƙar wake a ƙofar gida, ga farin buhu a gefenta ba ko ɗigon fenti. Muka gaisa, ta ba ni kujera 'yar tsugune. Na ce, "Mama, ba ku sa alama ne a buhunku?"

Ta ce, "Da muna sa, Hajiya. Yanzu mun bari. Wani mutum na gwamnati ya rubuta wai wake namu yana kashe mutane. Mai saye in ya gani jan nan, sai ya ce ɗauka kayanka. Yanzu muna kai wani kasuwa, su ce na garinsu ne."

Na ce, "Wane mutum ne?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Wa ya san shi? Bai zo ba. Ko ruwa bai sha a nan ba." Sai ta juya ta ƙwala wa jikarta kira a kawo wa baƙuwa ruwa.

Na sha ruwan, Nusaiba. Na karɓi doyar da ta sa mini a but ɗin mota. Na yi godiya na shiga mota ban gaya mata ni ce mutumin ba. Ki duba abin da na yi. Aikina shi ne a iya bin abinci har gona. Su ne mutanen da suka fi kowa sauƙin bi, domin su ne ke sa alama da hannunsu ba wanda ya tilasta su. Ni na koya musu cewa alama bala'i ce. Kuma duk kamfanin da zai fara sayen wake a yankin, in ya sa a yi masa bincike a intanet, takardata ce ke fara fitowa, saboda ita aka fi ambata. Lambar da nake buɗewa da safe ina murmushi, ita ce ke hana sunansu sauka.

Ba cewa nake ki raina lambar ba. Da ita za ki ci abinci, da ita za a buɗe miki ƙofa, wanda ya ce miki bai damu da ita ba ki duba da kyau, tasa ta riga ta yi yawa ne. Amma ki san abin da take ƙirgawa. Tana ƙirga waɗanda suka maimaita maganarki, ba ta ƙirga waɗanda suka tantance ta. Na taɓa bin waɗanda suka ambace ni ina karanta abin da suka ce. Da yawansu ba su wuce shafin farko ba. Wani ma cewa ya yi ƙauyen a wata ƙasa yake. In za ki kafa hujja da takarda ki karanta ta har ƙarshe, ki duba ta yaya mai ita ya san abin da ya ce ya sani, ko da mai itan uwarki ce. In kuma kina so ki san tasirin taki, bayan kin duba kwamfuta ki koma inda kika ɗebo bayanin ki ga me ya canza a hannun mutanen. Wannan awon ba wanda zai tambaye ki shi a intabiyu. Ki yi shi duk da haka.

Da na zauna rubutun nan, niyyata in ce miki ki bar sunana a shafin farko, amma ki rubuta cewa na yi kuskure, ki kawo hujja. Har na fara jin sauƙi. Sai na tuna kwamfutar ba ta san yabo da gyara ba. In kin ƙaryata ni ma ambato ne, lambar za ta ƙaru da ɗaya, takardar ta ƙara hawa sama. Kuma wace irin uwa ce za ta ɗora wa 'yarta kayan da ita ta kasa ɗauka, ta sa ta fara aikinta da tona asirin gidansu? Hanya ɗaya ce. Ni zan rubuta wa mujallar da hannuna in ce su janye takardar, su buga dalili a fili.

Kin san wata mai zuwa za a yi mana intabiyun kujerar darakta, kuma fayil ɗina a kan takardar nan yake tsaye. Shekaranjiya na gaya wa Abbanku komai muna karyawa. Ya ajiye cokali. Ya ce, "Kin ga, ki bari a yi intabiyun tukuna. Abin da ya jira duk shekarun nan ai zai jira wata ɗaya."

Na ce, "Haka na ce lokacin ƙarin girman farko. Haka na ce a na biyu."

Ya ce, "Kin san sunan Dakta Sunusi yana ciki. Ba zai sake amsa gaisuwarki ba."

Na ce na sani.

Ya ɗauki hularsa, ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "To Allah ya sa shi ne alheri. Ni dai ba darakta na aura ba."

Na rubuta saƙon. Yana nan a kwamfuta, na karanta shi har na haddace, na gyara waƙafi na mayar da shi inda yake. Ban tura ba. Jiya na ɗora yatsana na ɗauke. Yau da safe ma haka. Na san kaina, Nusaiba. In aka bar ni ni kaɗai zan samo dalili mai kyau, kullum ina samowa, kuma dalilin gaskiya ne zai zama.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki, kuma na san zai yi miki nauyi, don ba ki taɓa tsare ni da tambaya ba tun da aka haife ki. In kin sauka kika samu layi, za ki kira. Zan fara da yaya hanya, kin ci abinci, da sanyi ko da zafi, zan ja hirar in cika ta da surutu don kada a zo wurin. Ki bar ni in gama. Sannan ki ce, "Mama, kin tura?" In na ce gobe, kada ki ce mini to. Ki ce za ki riƙe wayar, kina jira.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo mini da ke lafiya. Allah ya buɗe miki ƙirji, ya ba ki malamai masu tausayi da abokan zama masu tsoronsa. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da agogon garin ya rikita ki, ki riƙa cin abinci mai zafi. Allah ya sa iliminki ya amfani wanda kika sani da wanda ba za ki taɓa gani ba, ya tsare hannunki daga cutar da kowa. Ki sa ni a addu'a, ki roƙa mini ƙarfin zuciya. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mamanki.